Gindin Allon Kawu Barau

A Agege in ka tambayi Barau, babu wanda zai nuna maka gida. Amma ka ce Baba Alli, ko mai sayar da lemo a bakin titin jirgi za ta miƙa hannu ta ce ga lungun can. Yarabawan unguwa sun ɗauka sunansa ne Ali, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Asalin laƙabin daga alli ne, allin rubutu, domin da wuya ka ga yatsunsa babu farin garinsa. Mu biyu ne kawai muka rage muna kiransa da sunan yanka, mahaifiyata don ƙanwarsa ce, ni kuma ina cewa Kawu Barau don haka na taso na ji.

Ya sauka a tashar jirgin Agege yana ɗan shekara ashirin da biyu, daga wani ƙauye a bayan Funtuwa, da ƙunshin kaya a ka da niyyar ya yi wata uku ya koma. Ya gwada dako a kasuwar Mile 12, bayansa ya ƙi. Ya gwada sayar da goro, sai ya zama duk wanda ya gaishe shi da fara'a ya samu ɓari kyauta. Mahaifiyata takan ce ko ruwan sanyi ka ba Barau ya sayar da tsakar rana a Iyana Ipaja, sai ya dawo maka da shi ya yi ɗumi. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Ajaminsa kamar an buga a inji, bokonsa kuwa na ajin manya ne da ya yi a ƙauye, amma harufansa a tsaye suke reras, ba mai jingina da wani.

Da 'yan gwari mazauna Agege suka kafa ƙungiya, masu tumatir da albasa da tattasai, suka kama wani ɗaki kusa da masallaci, sai aka shafa wa bangon waje baƙin fenti, aka miƙa wa Kawu alli. Wannan bangon shi ake kira allo, kuma shi ya zama aikinsa na shekara talatin da ɗoriya. Kullum da sanyin safiya zai zo da tsumma da gwangwanin ruwa ya goge na jiya, ya rubuta na yau. Can sama motocin da suka iso daga Arewa da abin da suka ɗauko. A tsakiya haihuwa da ɗaurin aure da rasuwa. Ajami daga dama, boko daga hagu, su haɗu a tsakiya ba tare da sun taka juna ba. A bangon nan na koyi karatu tun kafin a kai ni makaranta, kalmar farko da na iya karantawa da kaina kuwa ita ce albasa.

Ina kewar wancan lokacin, ba zan ɓoye ba. Mutane kan tsaya a gaban allo da kofin shayi a hannu, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ya ƙara gishiri a inda ya ga dama. In mutum ya ga sunan garinsu a layin rasuwa, sai ka ga an yi shiru an matsa masa ya ƙaraso gaba. Jirgi in ya wuce, bangon ya girgiza, garin alli ya zubo wa Kawu a hula.

Wuri ɗaya ne tsumman Kawu ba ya taɓawa, can gindin allo ta hagu. Layi biyu ne a wurin, da manyan harufan boko. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci zai bi su da sabon alli, harafi bayan harafi, don kada su dushe. Mun saba da su har mun daina ganinsu. Ni dai a ƙuruciyata na ɗauka ado ne, irin wanda ake yi wa bakin tabarma.

Cigiya ce. Akwai wani mutumin Nijar mai suna Boubacar, dogo siriri, mai gadin wani ɗakin ajiyar kaya, wanda suka yi zaman ɗaki ɗaya da Kawu shekara shida kafin Kawu ya yi aure, suka kuma ci gaba da shan shayi tare bayan auren. Shi ya koya wa Kawu shayi zagaye uku, shi kuma Kawu ya koya masa cin amala ba tare da ɓata fuska ba. Wata ranar Talata, shekara ashirin da takwas da suka wuce, Kawu yana tsaye a gaban allo sai ga Boubacar a guje. An aiko masa mahaifinsa ba lafiya, kuma akwai motar albasa da ta sauke kaya za ta juya Arewa a cikin awa ɗaya. Ba shi da lokacin komawa ɗaki.

“Barau, akwatina shina ɗaki. Ka riƙe mani, bayan damana ina nan tahe.”

Iyakar maganar ke nan. Makullin yana rataye a wuyansa, ya tafi da shi. Kawu ya je ya ɗauko akwatin, na ƙarfe ne shuɗi, a kan murfin an rubuta suna da farin fenti. Boubacar ya yi shekara uku a makarantar boko ta ƙasarsu, yana kuma ji da wannan shekara ukun, shi ya rubuta da hannunsa. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wayar hannu ba ta zo ba a lokacin. Kawu ya ba direbobi saƙo har ba adadi, biyu ne kawai suka dawo da amsa, amsar kuwa ita ce ƙasar tana da faɗi, kuma kowane gida akwai mai wannan suna. Daga nan ya kwafe abin da ke kan murfin ya sa a gindin allo.

Akwatin ya bi su gida uku. Matar Kawu, Inna Saratu, ta sa masa suna Baƙon Ƙarƙashin Gado, saboda yawan tuntuɓen da take yi da shi. Shekarar da ruwa ya shiga gidajen layinsu, Kawu ya fara ɗora akwatin a kan gado kafin ya tuna da buhun shinkafarsu, Inna ta yi wata guda tana ba mutane labarin. Ta sha cewa a fasa kwaɗon a gani, wataƙila duwatsu ne a ciki. Amma a shekarunta na ƙarshe, ni da idona na gan ta tana shafa wa kusurwoyinsa man inji don kada tsatsa ta ci.

Allon kuwa ba rana ɗaya ya mutu ba. Waya ta zo, labarin mota ya riƙa isowa kafin motar ta bar Zariya. Masu tsayuwa suka ragu daga talatin zuwa goma, daga goma zuwa tsofaffi uku da ke zuwa don hira. Da ƙungiya ta koma wani ɗaki a saman bene, wanda ya kama tsohon ɗakin ya buɗe shagon cajin waya, ya shafe bangon da fenti ruwan ɗorawa. Kawu ya je ya tsaya ya kalli aikin har aka gama, har da nuna wa mai fentin wurin da ya tsallake.

A nan ni na shigo. Sunana Umaima, a Agege aka haife ni, na karanci kwamfuta, ina aiki da wani kamfani a Ikeja. Ina da hali guda da kowa a gidanmu ya sani: ba na iya ganin kuskuren rubutu in wuce. Ko takardar gayyatar biki aka ba ni, kafin in duba ranar na riga na gano inda aka manta lanƙwasar ƙ. Shugaban ƙungiya, Alhaji Balarabe, ya roƙe ni in yi musu manhaja da za ta maye gurbin allo, inda 'yan gwari na Mile 12 da Ketu da Iyana Ipaja za su riƙa duba motocin da suka iso da sanarwa. Na yi musu. Kawu ne ke tattara labarai ya rubuto a takarda, ni kuma in shigar.

A takardar farko da ya kawo mini, can ƙasa, ga layi biyun nan. Na karanta: BOUBACAR MAHAMADOU BOUZA. Na yi murmushi, na ce a raina tsufa ya fara taɓa rubutun Kawu, ko kuma tun asali haka ya kwafo kuskuren wani. Wane ne ke sa O kafin U? Na rubuta Abubakar Muhammadu, tsaf yadda ya kamata. Gurbin da na tsara na suna gida biyu ne, suna da sunan mahaifi, kalma ta uku ba ta da wurin zama, na ɗauka laƙabi ce na bar ta. Layi na biyu yana cewa, Ni Barau ina riƙe da akwatinka. Na ga babu wanda ya san Barau, sai na mayar da shi: A tuntuɓi Baba Alli a ofishin ƙungiya. Na sa a shafin sanarwa, na ji daɗin aikina.

“Kin sa?” in ji Kawu.

“Na sa, Kawu.”

Bai duba ba. Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, idonsa kuma ya riga ya fara rauni. Ya yarda da ni kamar yadda mutane suka yarda da allonsa.

Shekara biyu da rabi muna haka. Matsalar ita ce kowane shafi a rubuce yake a cikin saba, wato injin da ke can baya yana riƙe da komai, yana miƙo wa kowace waya abin da ta nema. Ko waƙafi za a canza sai na buɗe kwamfuta na shiga ciki da hannuna. Ina tsakiyar taro a wurin aiki waya za ta yi ƙara, Alhaji Balarabe ne: “Umaima, motar tattasai ta lalace a Jebba, a sauke ta daga shafi.” Ogana ya fara yi mini wani irin kallo. Na gaji, gaskiya, har na fara jin haushin tumatir a miya.

Sai na yanke shawarar in haɗa wa sabar edita, wato wani fili da mutum zai ga shafin kamar yadda zai fito a waya, ya ja akwatin rubutu ko na hoto ya ajiye inda yake so, ya rubuta abinsa, ba tare da ya san komai na aikinmu ba. Na samo irin wanda ake bayarwa kyauta, na yi Asabar uku ina haɗa shi. Na buɗe wa sabar ƙofa biyu, ɗaya ta miƙo shafi a gyara, ɗaya ta karɓa ta adana. Na sa kalmar sirri don kada kowa ya shiga. Na rage akwatunan zuwa uku kacal, rubutu da hoto da layin raba tsakani, na sa musu sunaye da Hausa. Na ƙara girman harufa yadda ko daga bakin ƙofa za a karanta. Da na tambayi Alhaji wa za a koya wa, sai ya ce, “Wa kuwa in ba mai allo ba?”

A lokacin maganar Kawu ta riga ta zama abin damuwa a gida. Likitan ido ya ce ganin nasa tafiya yake yi, ba kuma mai dawowa ba ne. Babban ɗansa, Zulkifilu, ya gina masa ɗaki a Funtuwa, ya turo mota sau biyu, sau biyu tana komawa babu shi. Dalilinsa ɗaya ne. Ba zai ɗauki kayan mutum ya kai inda mai shi bai sani ba, ba zai kuma tafi ya bar su ba. Mahaifiyata ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Abin da muke tsoro a fili yake: ya makance a ɗakin haya shi kaɗai, yana gadin akwatin wani.

Ranar da na zaunar da shi a gaban kwamfutar ofis, ya riƙe linzamin da yatsa biyu kamar alli. Ya ce abin yana gudu kamar ɓera. Na nuna masa yadda ake ja, yadda ake saki, da maɓallin adanawa. Cikin awa ɗaya ya kama, har yana yi mini gyara cewa layin motoci ya cika matsuwa da na rasuwa, a ba mamata fili. Na ga fuskarsa ta koma irin ta da, lokacin da yake ja da baya taku biyu daga bango ya karkata kai yana duba ko layi ya miƙe.

Sai ya ce in buɗe masa shafin sanarwa. Ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

“Wannan wane ne?”

“Cigiyarka ce, Kawu. Ta akwati.”

Ya sake kallo. Ya ce, “To.” Ni kuma ina sauri in kama danfo, bas ɗin haya, kafin cunkoso, ban tsaya tunanin wannan to ɗin ba.

Washegari da hantsi Alhaji Balarabe ya kira. “Umaima, wai me ya samu abin nan naku? Shafin albasa na buɗe, Boubacar. Na tumatir, Boubacar. Har shafin sunayen shugabanni, ƙarƙashin hotona, Boubacar.”

Na duba, na dafe kai. Kowane shafi yana da gindi, wurin da adireshin ofis yake, kuma gindin nan guda ɗaya ne duk shafukan suke rabawa. In ka taɓa shi a wuri ɗaya, ka taɓa shi ko'ina. Ya kamata in kulle shi, na manta. Kawu ya ja akwatin rubutu, ya yi ta gangarawa da shi har inda shafin ya ƙare, ya sake shi ta hagu, ya rubuta layinsa biyu da manyan harufa. Shafi talatin da ɗaya, kowanne da cigiyar Kawu a ƙarƙashinsa.

Na tashi daga aiki na wuce ofis kai tsaye. Na same shi yana shigar da motocin yamma da yatsa ɗaya.

“Kawu, abeg, ba a nan ake sa wannan ba. Akwai shafin sanarwa. Nan na adireshi ne.”

“A allo ma a nan take.”

“Wannan ba allo ba ne. Ya fito a ko'ina, Alhaji yana faɗa. Kuma ga shi ka sake rubuta sunan da kuskure.”

Ya juyo ya dube ni da idanun nan da suka fara yin fari-fari. “Haka mai shi ya rubuta.”

Na buɗe baki zan yi masa bayanin ƙa'idar rubutu, sai ya riga ni. Ya ce Zulkifilu zai sake turo mota ƙarshen wata, ya kuma san wannan karon ba za a bar shi ba. Ya ce in bar masa gindin allon na mako ɗaya, daga nan in yi yadda na ga dama. Bai roƙe ni ba, faɗa kawai ya yi, yana goge yatsunsa a riga kamar akwai alli a jikinsu. Na kira Alhaji na ce matsala ce daga cikin saba, gyaranta zai ɗauki mako guda. Ƙarya ce, aikin minti biyu ne.

Rana ta biyar, Asabar, ina ofis bayan la'asar ina shirya yadda zan kulle gindin, sai aka yi sallama. Wani mutum ne dogo siriri, ba zai wuce shekara talatin ba, warin albasa ya riga shi shigowa. Ya tsaya a ƙofa da waya a hannu.

“Gafara dai. Wa ya rubuta wannan bisa salula? Ina neman Barau.”

Kawu ya miƙe tsaye. Daga baya ya gaya mini ba fuskar ya gani ba, don ba ya iya ganinta daga nesa, tsayuwar ce da muryar, sak na Boubacar.

“Ni ne Barau.”

Mutumin ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wata igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa. A jikinta akwai ƙaramin makulli. Ya ce sunansa Abdoulaye, ɗan Boubacar Mahamadou ne, daga wani ƙauye a yankin Bouza. Sai a lokacin na san Bouza gari ne.

Kawu ya kama kujera. “Yana lafiya?”

“Tsoho ya rasu bara da damana, Baba.”

Aka yi addu'a. Kawu ya shafa, ya sake shafawa, sannan ya ce mu je gida. A hanya Abdoulaye ya ba mu sauran labarin. Boubacar ya isa ya tarar da mahaifinsa a gargara, ya tsaya ya yi noman shekarar. Yana shirin dawowa ya faɗo daga kan amalanke, ƙugunsa ya taɓu, bai sake doguwar tafiya ba. Ya aiko da wasiƙa sau uku ta hannun direbobi, amma gidan da ya sani an rushe shi da aka faɗaɗa titi. Da Abdoulaye zai taho Legas neman abinci shekara huɗu da suka wuce, uban ya cire makullin daga wuyansa ya rataya masa. Ya zo Agege sau biyu yana tambayar Barau, kowa ya ce bai san shi ba. Wani ma ya ce masa ya je wurin Baba Alli ya tambaya, shi ya san kowa, amma ranar Kawu yana asibitin ido.

Ni da Abdoulaye muka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Kwaɗon ya ƙi da farko, sai da aka ɗiga masa mai. A ciki akwai turmin atamfa biyu da ba a taɓa warwarewa ba, da ƙaramar rediyo, da butar shayi. Akwai hoton mutum biyu a tashar jirgi, ɗaya dogo ɗaya gajere, kowanne ya ƙame kamar soja. Can ƙasa, a naɗe cikin jarida, ga wata motar wasa ta roba, danfo ruwan ɗorawa da baƙin layi biyu. Abdoulaye yana da wata bakwai lokacin da aka saye ta. Ya ɗora ta a tafin hannunsa, hannun da ya yi kanta saboda buhu, ya tura ta da yatsa, ƙafafun suka juya. Ya ce atamfar ta mahaifiyarsa ce, Mariamu, tana nan da rai.

Da na raka shi bakin titi, wata tambaya ta zo mini, na kuma san bai kamata in yi ta ba, amma na yi. Na ce yaushe ya fara amfani da manhajar.

“Tun da aka yi ta, Madam. Kullum ina duba kamiyon albasa, manyan motocin nan.”

“Ba ka taɓa ganin cigiyar akwati a shafin sanarwa ba?”

“Na gani. Abubakar Muhammadu, a nemi Baba Alli. Na ce wannan wani ɗan Najeriya ne ya ɓatar da kayanshi.” Ya yi ɗan murmushi. “Tsoho kullum in na kira sai ya ce, ka samu Barau? Har satin da zai rasu.”

Ya hau okada ya tafi da akwatin a cinya. Na tsaya a bakin titi na yi lissafin da ba na so. Ranar da na gyara sunan, Boubacar yana da rai, kuma ya ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya, da waya a kusa da shi. Da na kwafe abin da aka ba ni kamar yadda aka ba ni, da sun ji muryar juna. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba.

Na koma ɗakin. Kawu yana zaune a bakin gado da hoton a hannu, Abdoulaye ya bar masa shi. Ya kai shi dab da hancinsa yana ƙoƙarin gani. A ƙasa, inda akwatin ya zauna, akwai tabon tsatsa mai kusurwa huɗu a kan siminti.

Na durƙusa. “Kawu, wancan na farkon, ni ce na canza…”

“Na gani tun ranar da kika zaunar da ni.”

“Da ban taɓa ba, da ka same shi da rai.”

Bai ce a'a ba. Kawu ba ya faɗin abin da ba haka ba don ya sanyaya wa mutum rai. Ya ce Allah bai nufa ba, kuma shi ma da ya ce a karanta masa tun farko, da ya ji. Ya ce in kira Zulkifilu in gaya masa ya turo motar duk ranar da ya shirya.

Sannan ya ce, “Kwamfutarki tana jaka?”

Na ce tana nan.

“Buɗe. A sauke cigiyar, a sa rasuwa. Idona ya gaji yau, ke za ki rubuta.”

Na buɗe editan a kan cinyata, na gangara har gindin shafi. Na goge layi biyun da ya yi shekara da shekaru yana bi da alli. Ya faɗi farkon sanarwar, irin yadda ya saba rubutawa a tsakiyar allo, na rubuta. Da muka zo kan suna sai ya dakata, ya gyara zama.

“B,” in ji shi. “O. U.”

“Na sani, Kawu.”

“Ki dai rubuta.”

Ya ci gaba, harafi bayan harafi, har ƙarshen Bouza. Na rubuta yadda ya faɗa.